Tsohon Wasa Da Sabon Shiga: Shin Akwai Riba A Fara Yanzu?

Jama'a, akwai wata tambaya da ta yi ta zuwa mana tun da aka koma makaranta, kuma ba daga baki ɗaya ba. Tsofaffin ɗalibanmu da suka wuce kwaleji sun yi mana ita, yaran shago masu koyon gyaran waya a Adjamé sun yi mana ita, har wani dattijo mai sayar da atamfa a Treichville ya tsayar da mu a hanya ya yi mana ita a madadin ɗansa. Tambayar kuwa ita ce: wasan nan na waya da ake kira Clash of Clans, wanda ya daɗe da cika shekara 10 a duniya, shin wanda bai taɓa yinsa ba zai sami wani abu in ya fara yau, ko kuwa mota ta riga ta tashi ta bar shi a tasha? Dalilin da ya sa mu ake tambaya ba ɓoyayye ba ne. Duk unguwa an san Malam yana da ƙauye a cikin wayarsa tun 2015. Da yake amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin titi, muka ga gara mu rubuta ta a wannan fili, kowa ya karanta a natse.

Ga dattawanmu da ba su san abin da ake magana a kai ba, bari mu yi ɗan bayani. Wani kamfani ne mai suna Supercell, a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, ya fito da wasan a watan Agusta na 2012, da farko a wayoyin iPhone, sa'an nan a watan Oktoba na 2013 ya sauko wayoyin Android, watau irin waɗanda talaka ke iya riƙewa. Ana ba mutum fili da ɗan ƙauye a cikin waya. A tsakiya akwai fada, kewaye da ita rumbunan zinariya da na wani ruwa mai kama da tsimi, ga igwa, ga hasumiyar maharba, ga ganuwa. Aikinka ka tara dukiya, ka ɗaga gini, ka kai hari ƙauyen wani ka kwaso ganima cikin minti 3, wani kuma ya kawo maka nasa harin sa'ad da kake barci. Masu ƙauyukan nan mutane ne masu rai, wani a Indunusiya, wani a Turkiyya, wani watakila a layin bayan gidanku. Sa'an nan mutane kan haɗu su kafa ƙungiya, wadda yara ke ce wa kilan, ba ta wuce mutum 50, su riƙa ba juna gudunmawar dakaru, su fita yaƙi da wata ƙungiya. Wanda ya karanta tarihin ƙasar Hausa, zamanin da kowane gari ke da ganuwarsa da ƙofofinsa, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Kafin wannan zamani, mai son wasan kwamfuta a nan Abidjan sai ya tafi siber ya sayi awa, ko ya shiga ɗakin wasa ya jira layin PlayStation. Abin da ya sauya al'amari shi ne shigowar wayoyin Sin masu araha, su Tecno da Itel, waɗanda suka cika kasuwar wayoyi ta Adjamé da ake ce wa Black. Can muka sayi tamu, kuma wanda ya sayar mana shi ya sa mana wasan, ya ce, "Malam, gwada wannan, ya fi karta." Kafin shekara ta zagayo mun zama ƙungiya: masu gyaran waya uku daga Black, masu garba biyu daga Treichville, da wani direban gbaka, da tela, da mu. Daga baya 'yan'uwa na gida suka shigo, wani daga Maraɗi, wani daga Damagaram, wasu daga Kano. Har yau in za a sa lokacin yaƙi sai an yi gardama, domin agogon Nijar da Nijeriya yana gaban namu da awa ɗaya, ga mai garba yana tashi kafin asuba, direba kuwa ba ya ajiye mota sai dare ya yi nisa.

To, mu koma kan tambaya. Wasu kan ce ai tsufan wasa ba aibi ba ne, da tsohuwar zuma ake magani, ga dara nan kakanninmu sun yi ta mu ma muna yi, ga awale na mutanen ƙasar nan wanda ya fi kowa a cikinmu shekaru. Wannan magana tana da daɗin ji, amma akwai inda ta karkace. A dara gurbi 30 ne, kowa da 'ya'ya 12. Tsohon da ya shekara 40 yana dara a gindin bishiya, in ya zauna da yaron da ya koya jiya, 12 zai ɗauka, yaron ma 12. Abin da ya fi yaron da shi yana cikin kansa ne kawai, in an tashi kuwa an share gurabe, gobe a sake daga farko. Awale ma haka, rami 12 da ƙwaya 48, ba mai zuwa da ƙwayarsa daga gida. Wasan waya kuwa ba a share shi. Abin da ka gina a 2015 yana nan yana jiranka, ka ɗora a kai a 2016, ka ƙara a 2017. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Sa'an nan masu wasan ba su bar rufin a wuri ɗaya ba. Sa'ad da muka shiga, fada mataki na 10 ita ce ƙarshe. A Disamba 2015 suka buɗe na 11, a tsakiyar 2018 na 12, a ƙarshen 2019 na 13, a 2021 na 14, a 2022 na 15, a 2023 na 16, a Nuwamba 2024 na 17, kuma ba su tsaya nan ba. Mai karatu zai lura tazarar da ta taɓa kai shekara biyu da rabi ta dawo kusan shekara guda. Watau sabon shiga yana bin motar da ba ta tsayawa a ƙasa.

Wanda bai shiga ba ba zai gane cewa babban abokin gaba a wasan nan jira ne ba. Kowane gini sai magini, kuma magini ɗaya gini ɗaya yake riƙewa har ya gama. A farko abin kamar wasan yara: ka taɓa igwa, kafin ka shanye shayi ta ɗagu. Sannu a hankali minti ya koma awa, awa ta koma kwana, har a manyan matakai gini ɗaya ya ci mako guda ko fiye, ban da ganuwa wadda ita kaɗai tana iya cinye dukiyar wata da watanni. Da magini biyu ake farawa. Na uku ana sayensa da wasu korayen duwatsu guda 500, na huɗu 1,000, na biyar 2,000. Duwatsun nan ana tsintarsu kaɗan-kaɗan in an sare itace ko an kawar da dutse a filin ƙauye, ko in an cika wani aiki da wasan ya sa. Mai haƙuri yana tara su bai kashe ko dala ɗaya ba, mu ma haka muka tara namu. Amma ana kuma sayar da su da kuɗi na gaske, da su kuwa ake iya cewa ginin mako guda ya ƙare yanzu-yanzu. Nan ne cinikin kamfanin yake: shiga kyauta ce, gaggawa ake biya. Masu iya magana sun ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri, a wannan wasa kuwa maganar ta tabbata, domin mai kuɗin da ya fara bana yana iya wuce talakan da ya shekara biyar yana tsintar duwatsu.

Mu yi lissafi irin na aji. A Afrilu 2019 suka fito da tikitin wata-wata, wanda ke rage kuɗin gini da lokacinsa, a kan kusan dalar Amurka 5, watau wajen jika 3 a kuɗinmu na lokacin, daga baya kuma aka ƙara masa farashi. Ga ma'aikaci a Turai wannan kuɗin kofi ne. A ƙasar nan kuwa, mafi ƙarancin albashi da hukuma ta yanka a Janairu 2023 jika 75 ne a wata, kuma mun san yaran shago da yawa ko rabin wannan ba sa gani. Yaron da ya ce zai kamo na gaba da aljihunsa, to da kuɗin abincinsa zai yi, ko da kuɗin da ya kamata ya aika gida, ko kuma, Allah ya kiyaye, da kuɗin maigidansa.

Akwai kuma gajeriyar hanya da wasu ke bi, watau sayen ƙauyen da wani ya riga ya gina. Wani yaron tela a unguwarmu ya yi haka. Ya tara jika 25 daga ɗinkin sallah, ya tura wa wani da bai taɓa gani ba, aka ba shi ƙauye mai fada mataki na 13. Ya zo mana yana murna, "Kawu, yau na kamo ku." Muka sa shi a yaƙi. Dakarun da ke hannunsa ko sunansu bai sani ba, ya zube su gaba ɗaya a bakin igwa kamar mai watsa wa kaji tsaba, ya dawo da tauraro ɗaya cikin uku. Wannan ma mai sauƙi ne. Bayan mako uku ya buɗe waya ya tarar an fitar da shi, domin mai ƙauyen na asali yana riƙe da adireshin imel da aka yi rajista da shi, ya karɓe abinsa, watakila ma ya sake sayar wa wani. Ba inda yaron zai kai ƙara, domin dokar wasan ta hana saye da sayar da ƙauye, wanda aka kama ma ana iya rufe masa. Ɗinkin sallah guda ya tafi ke nan.

In aka tsaya nan, sai a ce amsa ta fito, kada kowa ya fara. Amma ba mu gama ba. Su ma masu wasan sun san in sababbi suka daina shigowa kasuwarsu ta mutu, saboda haka sau da yawa sukan rage kuɗi da lokacin gine-ginen ƙananan matakai. Tafiyar da ta ci mana shekara biyu, yaron yanzu yana yinta cikin watanni. A Maris 2025 ma suka soke jiran horar da dakaru gaba ɗaya. Da can in ka kai hari sai ka zauna jiran sababbin mayaƙa, yanzu kuwa kana gama wannan ka shiga wancan. Bugu da ƙari, ba a ɗaukar ɗan fada ta 5 a jefa shi gaban ɗan fada ta 16. Wasan yana nemo maka tsaranka, kuma ba su ƙare ba, ko tsakar dare ka nema za ka samu. Ashe maganar kamo na gaba ba dole ba ce. Daɗin da muka ji ranar da muka fara rushe ƙauye ƙurmus muna fada ta 7 bai gaza na yau ba ko kaɗan, in ma bai fi ba.

Abin da muka gani da idonmu cikin shekarun nan shi ne, kaɗaici ya fi tazarar mataki korar sabon shiga. A nan kuwa mu Hausawan Abidjan ba mu bukatar dogon bayani. Yaro in ya sauka a tasha daga Madawa ko Tasawa ko Birnin Ƙonni, kasuwar da ya tarar ta girme shi, ta girmi ubansa. Rumfuna duk da masu su, masu ba da kaya bashi sun san wanda suke ba. Amma ba wanda ya taɓa ce masa ya koma gida ya makara. Abin da ake tambayarsa ɗaya ne: wajen wa ka zo? In yana da maigida, yana da wurin kwana, yana da mai tsaya masa, yana da mai nuna masa wane layi ake bi, wane ake kauce wa. Haka fataucin goro ya tafi a Anyama tun zamanin iyayenmu. Haka kuma sana'ar garba take, wadda har sunan Bahaushe ta ɗauka: yaro yakan fara da yankan albasa da barkono da wankin kwano, sa'an nan a bar shi ya auna aceke, kafin a yarda ya taɓa kaskon kifi. Wanda ya sauka ba maigida kuwa, ko da kuɗi a aljihunsa, kowa ya san yadda takan ƙare.

Ƙungiya a wasan nan ita ce maigida. Sabon shiga mai ƙaramar fada in ya nemi gudunmawa, wani tsohon hannu ya aiko masa da irin dakarun da shi bai kai ga buɗewa ba, su kaɗai sun isa su tsare masa ƙauye, su kuma ci masa fage. Harin da ya kai ana iya maimaita kallonsa, a ce masa nan ka yi daidai, nan ka yi gaggawa. Ana iya gwada ƙarfi tsakanin 'yan ƙungiya ba tare da asarar komai ba. Tun muna makarantar horon malamai muke jin ana faɗa, aji kuma ya tabbatar mana, cewa yaron da aka kawo tsakiyar shekara yakan kamo darussan da suka wuce shi in dai ya sami abokin benci mai ara masa littafi.

Samun maigidan ne ya yi wuya yanzu, kuma nan ne tsufan wasan ya fi nunawa. Da can akwai wani dandali a ciki inda kowa da kowa ke magana, kamar bakin tasha, sabo ya tsaya ya ce ga ni, wani ya ɗauke shi. A Oktoba 2019 aka rufe shi, kuma wanda ya san irin ashar da yaudarar da ake yi a wurin ba zai ce an yi laifi ba. Bayan rufe shi, sai dai mutum ya bi jerin sunaye yana ƙwanƙwasawa. Ƙungiyoyi da yawa kango ne: suna yana nan, tuta tana nan, mutum 30 a rubuce, amma ka yi sallama kwana uku ba mai amsawa, shugaban ya yi aure ko ya sayar da waya. Masu rai kuwa sun rubuta a ƙofa, ba mu karɓar wanda bai kai fada kaza ba. Sabo ya rasa tudun dafawa, bayan mako biyu ya goge wasan ya ce ba daɗi.

Sai dai maigida yana da hakki a kan yaronsa, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi shafarmu mu malamai. Yaƙin ƙungiya, wanda aka fara a 2014, yana da awa 23 na shiri da awa 24 na fafatawa, kowa da hari biyu. Tun 2018 kuma akwai gasar wata-wata, ƙungiya 8 a rukuni, kwana 7 a jere, kowa hari ɗaya a rana, in ka kuskure ba gyara. Harin minti 3 ne, gaskiya, amma mai son taurari uku sai ya zauna ya yi nazarin ƙauyen abokin gaba, ya auna inda zai shiga, ya tambayi manya. In bai kai harinsa ba mutum goma sha sun yi asara saboda shi, kuma ba baƙi ba ne, mutanen da zai gamu da su ne gobe a wajen garba. Mun taɓa raba rigima tsakanin magidanci mai 'ya'ya huɗu da wani ɗan kwaleji, don yaron ya yi barci bai kai hari ba aka ci mu da tauraro ɗaya. "Yaya, wallahi darasi nake kwafa har ƙarfe ɗayan dare," in ji yaron, wancan kuwa ya rantse sai an kore shi. Daga ranar muka sa doka: duk ɗan makarantar da ke ajin jarrabawa, BEPC ko BAC, daga watan Afrilu har a ajiye alƙalami ba ya shiga yaƙi. Wasan da kansa yana da wurin da mutum ke nuna ja, watau a bar ni wannan karo. 'Yan firamare kuwa, irin namu na CM2 masu jiran CEPE, ba mu karɓarsu sam, ko ɗan wane ne.

Dattijon nan na Treichville, abin da ya fara tambaya shi ne, "Malam, tsakaninka da Allah, caca ce?" Muka ce, "Alhaji, ba caca ba ce, domin ba mai cin kuɗin wani a ciki. Amma akwai ƙofar da kuɗi ke fita ba ya dawowa. In ka tabbatar ba a haɗa wayar da asusunka ba, ka rufe ƙofar." Ya ce to ba gara yaron ya yi abin da tsaransa ke yi ba? Abin da tsaransa ke yi kuwa Free Fire ne, na kamfanin Garena da ke Singafo, wanda ya fito a 2017, inda ake zuba mutum 50 a tsibiri su yi ta harbin juna wajen minti 10 har a ga wanda ya rage. Ba mu zo kushe wasan wani ba, amma wanda ya shiga wannan ba ya jin kira, ba ya ajiye waya sai an kashe shi, da an kashe shi kuwa ya sake shiga. Tsohon wasanmu, da dukan aibinsa, yakan sa mutum ya ajiye waya, domin in magina duk suna kan aiki kuma rumbu ya cika, babu abin yi sai gobe, ko da yake soke jiran dakaru ya rage wannan alheri. Yaron Alhaji ya kuma ji labarin gasar duniya ta wasan da aka yi a Hamburg ta Jamus a 2019, mai kyautar dalar Amurka miliyan ɗaya, ya ji ana bikin wasannin bidiyo a nan Abidjan, FEJA, tun 2017. Duk gaskiya ne. Amma masu zuwa irin waccan gasa suna fafatawa ne a fada ta ƙarshe, kuma sana'arsu ke nan dare da rana. Wanda zai fara yau don ya ci kuɗi, muna ba shi shawara ya koyi gyaran waya, ya fi kusa.

Saura tambayar da ba a cika yi ba, alhali ita ta fi nauyi: in an rufe wasan fa? Ƙauyen nan yana can ne cikin kwamfutocin kamfani, kai ɗan haya ne. Waɗanda suka yi zamanin siber za su tuna FarmVille a Facebook, gonar da aka buɗe a 2009, mutane suka yi ta shuka da girbi shekara da shekaru, ranar 31 ga Disamba 2020 aka rufe ta, ba wanda ya fita da ko zangarniya ɗaya. Shi kansa Supercell ya saba yanka wasanninsa in bai gamsu da su ba. Clash Mini, ƙanin wannan, an rufe shi a 2024. Ba mu ga alamar haka ga babban wan ba tukuna, domin wasan da ake ƙara wa mataki kusan kowace shekara ba shirin binne shi ake ba, kuma kamfanin Tencent na Sin, wanda ya zuba dalar Amurka biliyan 8.6 a 2016 ya sayi mafi yawan hannun jarin Supercell, bai yi haka don ya rufe shago ba. Amma mai shiga ya shiga da sanin ganuwarsa ta aro ce.

A wajenmu dai, wasu abubuwa sun riga sun fito daga waya. Direban gbaka ya ɗauki ƙanin mai garba a matsayin yaron mota. Ranar da aka yi wa tela suna, mutum 14 suka ƙetare gada suka je, cikinsu har da waɗanda ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Akwai adashe na jika biyar-biyar tsakanin mutum 10 da suka san juna a fagen yaƙin waya, alhali da can Plateau da gada ne kawai tsakanin shagunansu.

To, ga amsarmu ga masu tambaya. Wanda ya san wani a ciki, wanda zai iya zuwa shagonsa ya zauna a bencinsa, kuma ƙungiyarsu tana magana kullum, ya shiga, bai makara ba. Ya fara daga ƙasa da hannunsa, kada ya sayi ƙauyen kowa, kada ya sayi dutse. Ranar farko ya ɗaure ƙauyen da Supercell ID a kan imel nasa na kansa, ba na mai shagon da ya sa masa wasan ba, domin waya a garin nan ba ta da tabbas, yau a aljihunka, gobe a teburin wani. Wanda ba shi da kowa a ciki, ko yana ajin jarrabawa, ko ya san zuciyarsa ba ta jure ganin wani a gabansa har sai ya taɓa aljihu, ya bar shi. Irin wannan na ƙarshe mun fi ji masa tsoro, kuma kowa ya san kansa.

Tamu ƙungiyar, cikin kujeru 50, yau 47 ne a cike. Duk bayan wata uku mukan sauke waɗanda suka daina leƙowa, amma sai an kira mutum a waya an ji dalilinsa tukuna. Akwai ƙauye ɗaya da ba mu taɓawa, na ɗaya daga cikin masu garba biyun nan na farko, wanda ya tafi gida ganin iyaye a 2021, ya kwanta rashin lafiya, Allah ya yi masa rasuwa a can. Fadarsa tana nan a mataki na 11, itatuwa sun cika filin don ba mai sarewa. Kujeru uku ne a buɗe, mai so ya zo da wanda ya san shi.